Kilo nawa ya kamata mai ciki ta ƙara? Yadda awona ya kasance a Kumasi

Duk macen da ta taɓa zuwa awon ciki ta san abu na farko da ake yi mata bayan ta ajiye littafinta shi ne a ce ta cire takalmi ta hau sikeli. Nas ta leƙa, ta rubuta lamba, ta kira ta gaba. Wata bayan wata haka ake yi, amma da wuya ki samu wadda za ta tsaya ta gaya miki lambar nan ta yi daidai, ko ta yi yawa, ko ta gaza. A gida kuwa kowa likita ne. Wannan ta ce ki ci sosai don ku biyu ne, waccan ta ce ki rage kada ɗan ya yi ƙato a yanka ki. Fiye da rabin cikina na fari na kwashe ina tsakanin maganganun nan biyu, shi ya sa na ga ya dace in rubuta yadda abin ya gudana tun daga ofishin inshora har zuwa arba'in, ko wata ta huta da ruɗanin da na sha. A Aboabo nake zaune, ɗinki ne sana'ata, kuma a wani asibitin gwamnati da ba shi da nisa da mu na yi awona.

A Zango mun saba ɓoye ciki, balle na fari. Ga kunya, ga tsoron baki, sai ya turo riga sannan a nufi asibiti. Ni yayata ce ta tasa ni gaba tun cikin bai cika wata uku ba, ta ce ba ruwan ungozoma da kunyata. Katin inshorata na NHIS, wato inshorar lafiya ta gwamnati, ya riga ya mutu, don haka ofishinsu na fara zuwa, na bi layi, da aka zo kaina sai ma'aikacin ya ce ina shaidar ciki. Ashe tun shekarar 2008 gwamnatin Ghana ta yafe wa masu ciki kuɗin rajista da na sabuntawa, kuma ba sa zaman jiran da ake sa wa sababbin shiga kafin katinsu ya fara aiki, amma sai kin nuna takarda daga asibiti: sakamakon gwajin fitsari, ko hoton ciki, ko littafin awo. Ke nan tsarin shi ne ki fara zuwa asibiti a tabbatar, ki ɗauki takardar tare da katin ɗan ƙasa ki kai ofishin inshora, sannan ki dawo a buɗe miki fayil. Ana iya sabunta kati ta waya da lambar *929#, mutane da yawa haka suke yi, sai dai ni ofis na koma da takardata, kuma ko kwabo ban biya ba.

Ranar awon farko bayan sallar asuba na tari pragiya, wato keken haya mai ƙafa uku. Duk da haka na tarar benci biyu sun cika. Littattafai ake jerawa kan tebur bisa yadda aka iso, mu sababbi kuma aka ware mu gefe. Kafin a fara komai sai da aka yi addu'a, aka yi waƙa da tafi, sannan wata nas ta yi jawabi kan gidan sauro da alamomin haɗari. Da Asantanci ake yin jawabin, ana surkawa da Turanci. Ni haifaffiyar Kumasi ce, ina ji sarai, amma akwai amaren da aka kawo daga Nijar ko daga arewa waɗanda kai kawai suke gyaɗawa. Idan kina cikin irin waɗannan, ki nemi a kira miki mai jin Hausa, da wuya a rasa ko ɗaya a cikin ma'aikata ko ɗalibai. Aka ba ni littafin lafiyar uwa da jariri, wanda hukumar lafiya ta ƙasa ta fito da shi a 2018, ya haɗe tsohon katin awon ciki da katin sikelin yara wuri guda. Shi za ki riƙe har yaron ya shekara biyar, don haka ki sa shi a leda. A ranar ne kaɗai aka jingina ni da bango aka auna tsayina, santimita 160. Sikeli ya nuna kilo 70. Nas ta rubuta duka biyun ba ta ce uffan ba, ni ma ban san cewa waɗannan lambobi biyu su ne tushen duk lissafin da zai biyo baya ba.

Daga nan aka auna jinina, aka shigar da ni wajen ungozoma. Ta tambayi ranar da na ga al'adata ta ƙarshe, ta tambaya ko a danginmu akwai ciwon suga, hawan jini, sikila ko tagwaye. Na ce mahaifiyata tana da suga. Ta ja layi ƙarƙashin wannan da jan biro. Sai ɗakin gwaji, inda jira ya fi tsawo: yawan jini, rukunin jini, sikila, ƙanjamau, tunjere, ciwon hanta, zazzaɓin cizon sauro, fitsari, da wani gwaji da suke kira G6PD wanda ke nuna ko jikinki zai karɓi maganin rigakafin zazzaɓin da za a ba ki nan gaba. Ganin ungozoma, magungunan ƙarin jini da gidan sauro mai magani duk kyauta na samu. Amma gwaji biyu an ce babu kayan aikinsu a ranar, sai na fita waje na biya, hoton ciki ma a waje na yi saboda ranar da aka ba ni ta yi nisa. Gaba ɗaya abin da ya fita daga jakata ya kai kuɗin ɗinkin riga uku. Wadda aka gaya wa awo kyauta ne, gaskiya aka gaya mata, amma kada ta fito gida hannu rabbana. Sai bayan azahar na dawo gida, ko karyawa ban yi ba.

Laulayi ya kama ni sosai a makonnin da suka biyo baya. Ƙamshin suyar albasa daga ɗakin maƙwabta ma ya isa ya tayar mini da zuciya. Da na koma awo na biyu sikeli ya nuna 68 da rabi. Nas ba ta damu ba, amma da na faɗa a gida surukata ta dafe ƙirji. Ta ce, “Amarya, ciki ake ƙaruwa da shi, ke kuma kina zubewa? Me za a ce mun yi miki?” Tun daga ranar ta ɗauki ragamar cikina. Da safe koko mai suga da ƙosai, da hantsi shayi mai kauri da Milo da burodi mai bota, da rana waakye, wato shinkafa da wake, da taliya da gari da ƙwai da wele, wato dafaffiyar fatar sa, da la'asar burkina mai sanyi, wato haɗin gero da nono, da dare tuwon zafi malmala biyu. Kafin in kwanta kuma sai ta fasa kwalbar malta, ta huda gwangwanin madara da wuƙa, ta juye su a kofin silba, ta tsaya a kaina har sai na shanye. Wannan a wurinta shi ne maganin jini, kuma ba ita kaɗai ba, kusan duk Kumasi an yarda da haka. Don Allah take yi, da kuɗin cinikin goronta take saye. Da laulayin ya sake ni kuwa, ba sai an roƙe ni ba.

A mako na 16 aka fara ba ni ƙwayoyin rigakafin zazzaɓi, guda uku, a gaban nas ake haɗiye su, ba a yarda ki tafi da su gida. Ki zo da ruwan leda, kuma ki ci wani abu tukuna, don suna iya sa jiri. Duk wata ake maimaitawa har zuwa haihuwa. An yi mini allurar rigakafin sarƙewar haƙora, an ba ni maganin tsutsar ciki. Game da yawan zuwa kuwa, tun 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta mayar da shawararta daga zuwa huɗu zuwa aƙalla takwas: na farko kafin mako na 12 ya wuce, sai na 20, 26, 30, 34, 36, 38 da 40. A asibitinmu wata-wata ake ba da rana da farko, daga baya mako bibbiyu, a ƙarshe duk mako. A mako na 20 na kai kilo 73, kowa a gida ya ce alhamdu lillahi, jiki ya dawo.

Mako na 24 ne abin ya canza. Sikeli ya tsaya a 76 da rabi. Wata matashiyar nas ta dubi shafin, ta dube ni daga sama har ƙasa, ta ce da ƙarfi yadda duk benci zai ji, “Madam, ina za ki da wannan jiki? Ki rage ci.” Shi ke nan bayaninta. Ban san me zan rage ba, ban san nawa ya kamata in kai ba, kuma wata uku da suka wuce ramewa ake yi mini faɗa a kai. A hanyar gida na biya kasuwar Kejetia sayen zare, na ga yaron nan mai sikeli a bakin hanya, na ba shi canji na hau, sai ga 79. Hankalina ya ƙara tashi. Maƙwabciyata da na ba labari ta ce ita a cikinta na uku sau ɗaya take cin abinci a rana daga wata bakwai, don kan yaro ya tsaya ƙarami. Har na fara tunanin bin sahunta.

Allah ya taimake ni da wata dattijuwar ungozoma a zuwan da ya biyo baya. Na ce mata, “Anti, don Allah ki gaya mini gaskiya, nauyin nan nawa ya kamata ya kai?” Ta yi dariya ta ce yau ta ga mai tambaya. Sikelin kasuwa dai ta ce in manta da shi, har na gida ma, a riƙa hawa sikeli guda, da kaya masu nauyi iri guda, a ajiye jaka da waya da babban hijabi. Sannan ta rubuta 'yar takarda ta tura ni ofishin jami'ar abinci mai gina jiki, wani ɗan ɗaki a bayan ɗakin magani wanda na sha wucewa ta gabansa ban san aikinsa ba. Babu layi, babu biya.

Wannan matar ce ta warware mini komai cikin abin da bai kai awa ɗaya ba. Ta buɗe shafin farko na littafina, ta ɗauki tsayina na mita 1.6 ta ninka shi da kansa, ya ba da 2.56, ta raba kilo 70 da shi, ya ba da 27 da ɗan ɗoriya. Ta ce wannan shi ne ma'aunin da suke kira BMI, kuma da nauyin farkon ciki ake lissafa shi, ba da na yau ba. Wadda nata bai kai 18.5 ba siririya ce, ana so ta ƙara kilo 12.5 zuwa 18 kafin ta haihu. Daga 18.5 zuwa 24.9 matsakaiciya ce, kilo 11.5 zuwa 16. Daga 25 zuwa 29.9, inda na faɗo, kilo 7 zuwa 11.5. Daga 30 zuwa sama kuma kilo 5 zuwa 9 kawai. Mai tagwaye lissafinta daban ne, matsakaiciya ma tana iya kai wa kilo 17 zuwa 25. Ta ce alƙaluman sun fito ne daga Cibiyar Likitanci ta Amurka a 2009, a kan matan can aka gina su, don haka jagora ne ba doka ba, amma da su ake aiki a wurare da yawa. Ni da matar da ke zaune kusa da ni a benci muna iya ƙara kilo goma-goma, a ce ni na yi daidai, ita ta gaza. Kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ta ƙara da cewa a wata ukun farko rabin kilo zuwa kilo biyu kacal ake sa ran ƙaruwa, kuma ɗan ramewar laulayi irin tawa ba abin tashin hankali ba ne muddin ana iya shan ruwa, abinci yana ɗan zama. Bayan nan matsakaiciya tana ƙara wajen giram 400 a mako, mai jiki irina wajen giram 300. Ni kuwa kilo uku da rabi na ɗora cikin mako huɗu, kusan ninki uku. Na tambaye ta, to idan jariri bai wuce kilo uku da wani abu ba, ina sauran ke tafiya? Ta zana mini a bayan takarda: mabiyiya ta haura rabin kilo, ruwan da yaro ke kwance ciki kusan kilo guda, mahaifa kanta kusan kilo guda, jini yana ƙaruwa da fiye da kilo guda, nono yana cika, jiki yana riƙe ruwa, sannan akwai kitsen da ake tarawa don shayarwa, kilo uku ko kusa da haka. Abin da ya haura wannan, in ji ta, ba yaron yake amfana ba, a jikina zai zauna, kuma yana ƙara haɗarin hawan jini, da yaro ya kai kilo huɗu ya wahalar da naƙuda, da aikin da ake gudu. Amma yunwar da maƙwabciyata ta zaɓa ita ma ba mafita ba ce. Yaron da aka haifa bai kai kilo biyu da rabi ba ya fi saurin kamuwa da sanyi da cututtuka, kuma ƙanƙantarsa ba ta hana a yi wa uwa aiki idan wani dalilin ya taso. Ta ja kunnena cewa ba a rage ƙiba da ciki. Abin da ya hau ya hau, saurin hawan za mu rage.

Sai ta ce in lissafa mata duk abin da ya shiga bakina jiya tun daga asuba. Ina faɗa tana rubutawa, da na zo kan malta da madara ta ajiye biro. Ta juyo da sakamakon gwajin jinina na ranar: 10.2. Ƙasa da 11 ga mai ciki ƙarancin jini ne. Wato ga ni na cika kujera, fuska ta yi sheƙi, kowa na yaba goyon ciki, amma jinina bai kai ba. Wannan ya fi komai ba ni mamaki. Ta ce malta suga ce mafi yawanta, madara kuma tana da amfaninta amma ba ta da sinadarin ƙarfen da jini ke bukata. Ta tambayi yadda nake shan ƙwayar ƙarin jinin, na ce da shayin safe. Ta ce shayi da madara duk suna hana jiki tsotsar ƙarfen, in raba su da awa biyu, in sha ƙwayar da ruwa, in bi ta da lemo ko abarba. Baƙin bayan gida da ƙwayar ke sawa ba ciwo ba ne. Ta kuma tambaye ni kai tsaye ko ina cin farar ƙasa, wadda ake kira ayilo a kasuwa. Na ce ina jin kwaɗayinta idan aka yi yayyafi. Ta ce kwaɗayin kansa yakan zo tare da ƙarancin jini, kuma cin ta ƙara dagula lamarin yake yi.

Maganar ci don mutum biyu kuwa, ta ce a wata ukun farko jiki ba ya bukatar ƙarin komai, a na tsakiya kalori 340 a rana, a na ƙarshe 450. Da ta fassara mini shi da abincinmu, bai wuce ƙwai dafaffe, ayaba guda da ɗan dintsin gyaɗa ba. Ba ta hana ni tuwo ba, ba ta ce in sayi wani abin kanti mai tsada ba. Ta nuna mini hoton abinci mai taurari huɗu da ke manne a bango: tauraro ɗaya na hatsi da doya da rogo da ayabar dafawa, ɗaya na wake da gyaɗa da agushi, ɗaya na ganye da 'ya'yan itace, ɗaya na nama, kifi da ƙwai. Ta ce kowane kwano ya yi ƙoƙarin haɗa huɗun. Malmala ɗaya, miyar ayoyo ko kuka ko kontomire ta fi tuwon yawa. Waakye ba laifi, amma a zaɓi ɗaya tsakanin taliya da gari, a sa kifi ko ƙwai maimakon wele. Koko da suga cokali ɗaya. Burkina da zoɓo mai zaƙi su zama na marmari. Zogale, ƙananan kifin nan busassu da ake dakawa a miya, wake da daddawa, su ne abokan jinina. Da ta ji a kan keken ɗinki nake yini, ta ce in riƙa miƙewa duk awa, in yi tafiyar minti talatin yawancin ranakun mako, da sanyin safiya ko bayan la'asar.

Na fito da takarda a hannu, amma na san ba ni ke riƙe da tukunya ba. In na koma na ce wa surukata asibiti sun hana malta, zai zama raini. Maigida ne ya kawo dabara, ya ce a gayyace ta makarantar masu ciki da asibitin ke yi, inda ake so a zo da miji ko uwa. Ta saka mayafinta na zuwa suna, muka tafi. Dattijuwar ungozomar nan ta tarbe ta da girmamawa, ta ce, “Hajiya, sannu da ƙoƙari, kin iya kiwo. Yanzu jini muke nema, kuma ke kaɗai za ki iya wannan aikin.” Ta lissafa mata ganye da kifi da wake. Surukata ta ce, “Ashe zogalen da ke bayan ɗakina ya fi abin da nake kashe wa kuɗi?” Daga ranar kofin silba ya koma na kunun gyaɗa marar suga sosai, kuma ita ce ke tsare ni in na miƙa hannu ga malmala ta biyu. Inda ni na faɗa mata, da har yau muna jayayya.

Saboda jan layin nan na ciwon sugar mahaifiyata da kuma jikina, aka tura ni gwajin sugar ciki, wanda ake yi tsakanin mako na 24 da na 28. Ana kwana ba a ci komai ba sai ruwa, a ɗebi jini da safe, a ba ki giram 75 na gulukos a narke a kofi ki shanye cikin minti biyar, a sake ɗiba bayan awa ɗaya da bayan awa biyu. Zaƙinsa har maƙogwaro, kuma ba a so ki yi ta yawo, a benci za ki zauna. In kika yi amai an ɓata, sai wata rana. Gulukos ɗin ni na saya a kantin magani, gwajin ma na biya. Iyakokin su ne 5.1 kafin sha, 10.0 bayan awa ɗaya, 8.5 bayan awa biyu. Nawa duka uku sun tsaya ƙasa da haka, na ƙarshen dai ya matso kusa. Ki zo da abin karyawa a jaka, don kina fita ƙafafunki za su yi sanyi.

Akwai wata da muka saba a layi, 'yar Asawase, siririya ƙwarai, da kilo 47 ta fara. Ita kullum faɗan da ake mata shi ne ba ta ƙaruwa. Wata safiya, muna cikin wata na takwas, ta zo tana murna ta ce a ƙarshe jiki ya karɓa, har zobenta ya ƙi fita. Sikeli ya nuna ta ƙara fiye da kilo biyu cikin mako biyu. Na taya ta murna. Da aka ɗaura mata abin awon jini sai na ga nas ta sake aunawa, ta kira ungozoma. Jininta ya haura 140 bisa 90 da nisa, fitsarinta ya nuna furotin, kuma da aka matsa mata da tambaya ta ce kwana biyu kanta na sarawa, tana ganin walƙiya-walƙiya. Ba ƙiba ba ce, ruwa ne. Nan take aka rubuta mata takarda zuwa asibitin koyarwa na Komfo Anokye, wanda muke kira Gee, inda ake tura manyan matsaloli. An ciro yarinyarta kafin lokaci, ta yi kwanaki a sashen uwa da jariri da aka buɗe a 2018, yanzu tana nan tana rarrafe. Ungozoma ta ce mana da ta ƙara kwana biyu a gida tana murna, da jijjiga ce za ta kawo ta. Kumburin ƙafa da yamma, wanda ke sacewa in an kwanta, kusan kowa na yi, ni ma na yi. Amma kumburin fuska da hannu, da nauyin da ya yi tsalle cikin 'yan kwanaki, da ciwon kai mai tsanani, ko ciwo ƙarƙashin haƙarƙarin dama, ba a jiran ranar awo da su.

Nawa watannin ƙarshe sun tafi lafiya. Nauyin ya koma hawa a hankali, wajen kilo ɗaya da ɗan kai duk mako huɗu. Ungozoma ta fi mayar da hankali ga tef ɗin da take aunawa daga ƙashin mara zuwa saman ciki, wanda santimitarsa kan yi daidai da yawan makonni, ko ya bambanta da biyu. Jinina ya hau 11.4 a mako na 36. Na shiga naƙuda a mako na 39 da kilo 82, wato na ƙara 12, na ɗan gota iyakata da rabin kilo, ba wanda ya ɗaga gira. Na haifi namiji mai kilo 3.3 da kaina.

Da zan ba ƙanwata shawara, zan ce ta je awo kafin wata uku ya cika ko da ba wanda ya sani a gida sai mijinta, domin wadda ta fara zuwa da cikin wata shida ba wanda ya san daga inda nauyinta ya taso, sai dai a yi kirdado. In ma ba ta samu zuwa da wuri ba, ta riƙe nauyinta na kafin ciki a ka. Ta tabbatar an auna tsayinta an rubuta. A ranar farko ta tambayi rukunin da take da kilon da ake sa ran ta ƙara, ta sa a rubuta mata a littafi. Ma'aikatan nan mata da yawa suke gani kafin azahar, ba su da lokacin bayani sai an tambaya, kuma a ganina wannan gyara ne da ya kamata asibitoci su yi, tunda lissafin bai fi minti biyu ba. In wata ta yi miki tsawa, kada ki yi fushi ki daina zuwa, ki nemi babbarsu ko ofishin abinci.

Bayan haihuwa ana duba uwa da jariri cikin awa 48, sai wajen kwana na shida ko bakwai, dab da suna, sai mako na shida. Kilo shida sun tafi tun makon farko, yaro da mabiyiya da ruwa. Sauran kuwa jego ya riƙe su, don tsakanin kunun kanwa, farfesu da tuwon da 'yan barka ke aikowa ba mai maganar taurari huɗu. A awon mako na shida ina 75. Jami'ar abincin ta ce kada in takura kaina ina shayarwa, nono zalla har wata shida yana cin wajen kalori 500 a rana, in dai ci gaba da ƙwayar ƙarin jini, in rage zaƙi, in koma tafiyata. Ta kuma ce tunda suga na gidanmu, in riƙa gwadawa lokaci-lokaci ko ba ciki, kuma in yi ƙoƙari in sauko kusa da 70 kafin in yi wa yaron ƙane, domin da nauyin da na shiga ciki na gaba za a sake buga lissafin. Katin inshorata yana ɗaukar jariri na wata uku ne kawai, don haka daga ɗakinta ofishin NHIS na wuce da littafin, aka yi masa nasa.